Tambaya da Amsa: Na Gwada Bindigogi Huɗu a Filin Harbin Faifai, Wacce Zan Saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan asalin Katsina ne, shekara shida ke nan ina aiki a arewacin Ingila. Kwanakin baya abokan aikina suka ja ni zuwa wani fili a bayan gari inda ake wasan harbin faifan laka, wato ɗan faifai mai ruwan lemo kamar faɗin tafin hannu, wanda na'ura ke cillawa sama, mutum ya harbe shi da bindigar farauta kafin ya faɗi. Na je ne don kada a ce na ƙi zumunci, sai ga shi abin ya shiga raina, har na koma sau biyar. A waɗannan zuwa na gwada bindigogi huɗu, duk na aro. Ta farko mai baki biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, kuma na fasa faifai 14 cikin 25 da ita. Ta biyu irinta ce amma ta fi nauyi, na fasa 9 kacal, kuma na kwana biyu kuncina yana ciwo. Ta uku mai baki ɗaya ce wadda take ɗura wa kanta harsashi, na fasa 16, ban ji ta a kafaɗa ba sam. Ta huɗu ta wani dattijo ce da ya ba ni in taɓa, an ce kuɗinta ya fi na motata, amma 8 na samu da ita. Na kuma lura cewa idan na runtse idon hagu nakan fi dacewa. Ina shirin neman lasisi in sayi tawa. Shin in sayi irin ta ukun tunda da ita na fi fasawa, ko in tara kuɗi in sayi mai suna?

Daga wani mai karatunmu a Ingila

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka nemi lasisin tun yanzu, domin 'yan sanda kan ɗauki watanni kafin su kammala bincikensu, amma kada ka sayi bindiga ko ɗaya tukuna. Alƙaluman nan da ka lissafa, 14 da 9 da 16 da 8, ba bindigogin suka auna ba. Kai suka auna, a ranaku daban-daban, da iska daban, da faya-fayai masu tafiya daban, kuma a lokacin da hannunka bai riga ya saba ɗora bindiga a wuri ɗaya sau biyu a jere ba. Wanda ya je filin sau biyar zai iya fasa 16 yau ya fasa 9 gobe da bindiga guda, ba tare da an canja komai ba.

Ya kamata ka fara gane yadda irin wannan bindiga take aiki, domin daga nan komai ya taso. Ba dunƙulallen harsashi ɗaya take fitarwa ba. Kwanso guda yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma ɗari uku zuwa huɗu, waɗanda suke bazuwa yayin da suke tafiya, su zama kamar ɗan gajimare. Faifan kuma faɗinsa milimita 110 ne, kuma ba a tsaye yake ba. Ƙwayoyin kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su ci mita 30, kuma a wannan ɗan taƙin faifan da ke gilmawa da gudun kilomita 65 a awa ya riga ya matsa fiye da mita ɗaya da rabi. Saboda haka wanda ya harbi inda faifan yake, ya harbi inda ya bari ne. Dole a bi shi da bakin bindiga, a wuce shi, a danna kunama ba tare da an tsayar da hannu ba. Wannan ba ya yiwuwa idan mutum yana kallon bindigarsa. Faifan ake kallo, ita kuwa bindigar ana so ta nufi duk inda ido ya nufa da kanta. Ba ta da madubin saiti na baya irin na bindigar soja; idonka shi ne ke wannan aikin, kuma katakon da ka ɗora kunci a kai shi ne yake ajiye idon a mazauninsa. Idan katakon bai dace da fuskarka ba, to ido yana kallon gabas, bindiga tana kallon wani wuri, ko da kuwa a Italiya aka sassaƙa ta da hannu.

Maganar runtse idon hagu da ka yi a ƙarshen wasiƙarka ita ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma da ita zan so ka fara. Kowane mutum yana da idon da ya fi rinjaye, kamar yadda yake da hannun da ya fi amfani da shi, kuma ba dole ne su zama ɓangare ɗaya ba. Ka buɗe idanunka biyu, ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, kamar kan sandar fitila, sannan ka rufe idon hagu. Idan yatsan ya tsaya a kan abin, idon damanka ne mai rinjaye. Idan ya yi tsalle gefe, to na hagun ne ke jan ragama, kuma idan kana harbi daga kafaɗar dama da idanu biyu a buɗe, bindigar za ta riƙa nufar hagu da abin da kake kallo. Magungunan wannan sanannu ne: wasu sukan runtse idon daidai lokacin da bindiga ta iso kunci, wasu sukan manna ɗan ɗigon leda mai duhu-duhu a gilashin tabarau ta ɓangaren idon, wasu kuma, musamman sababbi irinka da hannunsu bai riga ya kafe ba, sukan koma harbi daga kafaɗar hagu gaba ɗaya. Idan kana cikin na ƙarshen nan, to bindigar da za ka saya ma ta bahago ce, kuma ka ga ke nan da ka yi gaggawar saye da ka yi asara. Ka roƙi mai koyarwa a filin ya duba maka wannan, minti biyu ya isa.

Daga nan sai awon katakon. Abu uku ake dubawa. Na farko tsawonsa daga kunama zuwa inda yake zama a kafaɗa, wanda a yawancin bindigogin da ke kanti yake kusa da inci 14 da rabi. Idan ya yi maka tsawo, zai riƙa sarƙewa a rigarka wajen ɗagawa. Idan ya yi gajarta, babban yatsanka zai doki hancinka a lokacin harbi. Alamar da ake bi ita ce a samu tazarar kamar yatsu biyu tsakanin hanci da gindin babban yatsa bayan an ɗora bindigar. Na biyu tudun doron katakon, inda kunci ke kwanciya. Idan ya yi ƙasa, idonka zai nutse a bayan ƙarfen bindigar, ba za ka ga faifan ba, sai ka ɗaga kai ba tare da ka sani ba, kuma da zarar kunci ya rabu da katako, shurin bindigar zai same shi da mari. Ina zaton abin da ya faru da kai ke nan da bindiga ta biyu, domin bindiga mai nauyi a ƙa'ida ta fi sauƙin shuri, ba ta fi zafi ba. Na uku ɗan karkacewar katakon zuwa dama ko hagu, wanda ke sa idon ya hau daidai tsakiyar siririn ƙarfen da ke shimfiɗe a saman bututu. Mai faffaɗar fuska da mai tsukakkiyar fuska ba za su yi awo ɗaya ba, kamar yadda ba za su sa hula ɗaya ba.

Na taɓa tsayawa a bayan wani mai koyarwa yana fama da wani matashi dogo siriri da ya zubar da faifai shida a jere. Bai yi masa dogon bayani ba. Ya karɓi bindigar, ya karya ta, wato ya buɗe ta a gaɓarta, ya nuna wa kowa cewa babu komai a ciki, ya sa yaron ya ɗora ta, shi kuma ya duba inda ƙwayar idonsa ta zauna. Sai ya yago murfin kwalin harsashi, ya ninka shi biyu, ya ɗora a doron katakon, ya naɗe da salatif baƙi. Kaurin bai wuce na tsabar kuɗi biyu ba. Yaron ya koma ya fasa huɗu cikin biyar na gaba, yana ta juya bindigar yana dubawa kamar an musanya masa ita. Masu auna bindiga suna da ƙa'ida a kan haka: a tazarar yadi 16, duk inci ɗaya da harbi ya kauce yana bukatar gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci a katako. Ana gane kaucewar ne a jikin wani faffaɗan allon ƙarfe da ake shafa wa farin fenti, a harbe shi, a ga inda ƙwayoyin suka taru. Filaye da yawa suna da shi, kuma abin mamaki shi ne ƙalilan ne daga cikin sababbi suke tambayarsa.

Game da nau'in bindiga, abin da ka ji da ta uku gaskiya ne, ba zato ba. Mai ɗura wa kanta harsashi, musamman wadda ke aiki da iskar albarushi, tana amfani da wani kaso na ƙarfin harbin wajen tura ƙarfen cikinta baya, don haka shurin yakan iso kafaɗa a shimfiɗe maimakon ya zo gaba ɗaya. Sau da yawa kuma ta fi araha, kuma da dama daga cikinsu suna zuwa da 'yan faranti da ake sakawa tsakanin katako da ƙarfe a gyara awo a gida. Amma tana da nata. Tana watsar da kwanso gefe, sai ka bi kana tsinta, wani lokaci ya doki maƙwabcinka. Tana son wanki akai-akai, kuma wasu sukan ƙi juyawa da harsashi mara ƙarfi. Bakinta ɗaya ne, don haka matsin baki, wato tsukewar ƙarshen bututu da ke rage bazuwar ƙwayoyi, ɗaya kake da shi ga faifai na kusa da na nesa. Sannan ba a karya ta, don haka sai an ja makullinta baya an saka ɗan tuta mai launi kafin jama'a su natsu cewa babu harsashi a ciki. Mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya kuwa da zarar an karya ta an rataya a hannu, kowa daga nesa ya ga lafiya. Wannan, tare da ƙarkonta da daidaituwar nauyinta tsakanin hannu biyu, shi ya sa ita ce za ka gani a hannun kusan duk masu gasar Olamfik. Ni da za a tambaye ni ita zan ce sabo ya fara da ita, sai dai idan yana da ciwon kafaɗa ko wuya.

Kafin ka yanke wa kowace bindiga hukunci a kan shuri, ka duba abin da aka ɗura mata. A Ingila ana yarda da harsashi har mai giram 28 a gasannin cikin gida, a gasar Olamfik kuwa giram 24 ne iyaka, kuma akwai mai giram 21 da ake sayarwa a kusan kowane fili. Faifan da ke mita 25 bai san bambancinsu ba, amma kafaɗarka ta sani. Mai yiwuwa ne ranar da ka sha wuya an ba ka mai giram 28 ne, ranar da ka ji daɗi kuma mai 21.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, wato wane irin wasa kake so. A wasan tirap faifan yana tashi ne daga gabanka yana gudu yana hawa, don haka bindigarsa takan yi nauyi, doronta ya yi tudu, an gina ta ta riƙa harbi sama kaɗan da inda aka nufa. A sikit faya-fayai suna gilmawa kusa daga ɗakuna biyu, dogo da gajere. A sifotin, wanda shi ne ya fi yawa a filayen Ingila kuma ina jin shi kake yi, kowace tasha da irin nata: wani ya zo ta saman kai, wani ya gangara a ƙasa kamar zomo, wani ya miƙe sama ya faɗo. Ba zan yi mamaki ba idan tsadaddiyar bindigar dattijon nan ta tirap ce, ko kuma an sassaƙa katakonta daidai fuskarsa, kai kuwa ka sa rigar da tela ya auna wani. Ga wanda bai tsayar da ra'ayi ba, bindigar sifotin mai lamba 12 (lambar awon faɗin bututu ce), da bututu mai inci 30, da nauyin kilo uku da rabi ko sama kaɗan, da matsin baki da ake kwancewa a sauya, za ta yi masa kowane wasa. A saka mata sassauƙan matsi, wanda ake kira kwata, a baki ɗaya, da kwata ko rabi a ɗayan, a manta da su har shekara.

Idan za ka ci gaba da gwaji, kuma ina so ka ci gaba, to ka yi shi da tsari. Ka zaɓi bindiga ɗaya ta filin da ba ta cutar da kai, ka yi darasi huɗu ko biyar da ita wajen mai koyarwa guda, har ɗora bindiga ta zauna maka. Sannan ka gwada sauran a rana ɗaya, a tasha ɗaya, da harsashi iri ɗaya, faifai goma-goma. Kada ka tsaya ga ƙirga wanda ya fashe. Ka rufe ido ka ɗora bindigar babu harsashi, ka buɗe ka ga ko idonka ya hau tsakiya ba tare da ka murɗa wuya ba. Ka lura ko bakinta yana rinjayar hannunka na gaba bayan harbi ashirin, ko kuma ta yi sakayau har tana fizgewa ta tsaya. Washegari kuma ka tambayi kuncinka da kafaɗarka.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa ga mai sauya bindigogi: kada harsashin lamba 20 ya taɓa haɗuwa da na lamba 12 a aljihu ɗaya. Na 20 ya fi siriri, idan aka jefa shi cikin bindiga mai lamba 12 zai zurma cikin bututu ya maƙale, a ga kamar babu komai, a ɗora na 12 a bayansa, bututun ya tarwatse a hannu. Shi ya sa akasari ake yi wa na 20 launin rawaya. Ka zazzage aljihunka duk lokacin da za ka canja bindiga, ka leƙa cikin bututu kafin ka ɗura, kuma kada ka cire abin toshe kunne da tabarau muddin kana kusa da masu harbi.

Maganar suna kuwa, Beretta 686 ta Italiya, da Browning B525, da Miroku MK38, waɗanda biyun ƙarshe duk a masana'antar Miroku ta Japan ake ƙera su, su ne bindigogin da ɗimbin masu harbi a Ingila suka fara da su, kuma idan ka sayi ta hannu mai lafiya, za ka iya sayar da ita bayan shekara biyu ba tare da babbar faɗuwa ba. Akwai kuma ƙirar Turkiyya masu rahusa. Masu tsada irin su Perazzi da Krieghoff na waɗanda ke harba dubban harsasai ne a wata. Ka tuna cewa a 'yan shekaru kuɗin harsashi da faifai da darasi zai zarce kuɗin bindigar kanta, don haka gara ka rage a wajen saye ka ƙara a wajen koyo. Ka duba tambarin gwajin ƙarfi a jikin bututu, domin haramun ne a Birtaniya a sayar da bindigar da ba ta da shi, kuma tunda a 2025 gwamnati ta sanar da shirin hana harsashin dalma nan da 'yan shekaru, ka nemi wadda aka gwada da ƙwayoyin ƙarfe.

A ɓangaren doka, dokar makamai ta 1968 ta ba ka damar harbin faifai babu lasisi a filin da 'yan sanda suka amince da shi, kuma a ƙarƙashinta kake yi yanzu. Lasisin mallaka na shekara biyar ne, yana bukatar bayanin likitanka, da masu tsaya maka, da akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango, kuma mai ɗura wa kanta ba za ta ɗauki fiye da harsashi uku ba a ƙarƙashinsa. Lasisin nan na can ne kawai. Ba ya ba ka ikon shigo da bindiga Najeriya idan ka zo ganin gida, domin a nan dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, da nata izinin daban.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina zaune a Doha tare da maigidana, kuma yana so mu riƙa zuwa filin harbi na Lusail tare. Abu biyu ke damuna: na ji Turawa suna kiran wasan harbin tattabara, ni kuwa ba na son kashe rai don nishaɗi, sannan ya ce in ɗauki ƙaramar bindiga mara nauyi saboda ba ni da jiki.

Daga wata mai karatunmu a Katar

AMSA

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sunan ne kawai ya rage. Da can tattabaru masu rai ake saki daga akurki a harbe, har an yi hakan a wasannin Paris na 1900. Daga baya aka koma ƙwallayen gilashi, sannan wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky ya ƙirƙiro faifan a wajajen 1880, Birtaniya kuma ta haramta harbin tsuntsayen akurki a 1921. Faifan yau ma ba laka ba ce, garin farar ƙasa ne da ake haɗawa da kwalta ko ƙaro. Kuma kina ƙasar da ta san wasan: Nasser Al-Attiyah, wanda aka fi sani da tseren motoci na Dakar, ya ci wa Katar tagulla a sikit a Landan a 2012. Mata kuwa sun daɗe a ciki, domin a Barcelona a 1992 Zhang Shan ta ƙasar Sin ta doke maza ta ɗauki zinariyar sikit.

A kan bindiga, maigida ya yi niyya mai kyau amma lissafin bai cika ba. Lambar tana nufin adadin dunƙulen dalma masu faɗin bututun da za su cika fam ɗaya, don haka lamba 20 ta fi lamba 12 tsukewa, kuma yawanci ta fi ta rashin nauyi. To amma gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon zafin shurinta idan harsashin ɗaya ne. Lamba 20 da aka ɗura wa giram 28 za ta fi cutar da ke a kan lamba 12 da aka ɗura wa giram 21. Abin da ya fi damun mata shi ne awon katako, domin yawancin bindigogi an yanka su ne don namiji matsakaici: sukan yi tsawo, doronsu ya yi ƙasa, kuma ƙasan gindin ya riƙa sukar ƙirji. Akwai masu ƙera bindigogi da awon mata, irin su Syren da kuma samfurin Vittoria na Beretta. Ki tambayi filin ko suna da ɗaya, ki gwada ta tare da lamba 20 ɗin a rana guda da harsashi mafi sauƙi, kuma ki ɗaure mayafinki ta yadda ba zai shiga tsakanin kuncinki da katako ko ya sarƙe gindin bindigar wajen ɗagawa ba.